Riga-kafi Uku a Kwamfutar Rosemary

Shekara tara ke nan ina suyar masa a bakin shagon Rosemary, nan Lugbe, bayan tashar 'yan keke. Ni da tanda a waje, ita da kwamfuta a ciki, labule ɗaya ne tsakaninmu. In na ce na san matar nan, na san ta.

'Yar wani ƙauye ce can bayan Kwali. Uwarta ginin tukwane take yi, kakarta ma da shi ta tsufa. A gidansu ita kaɗai aka tura makaranta. Ta koyi buga tafireta, ta yi shekara shida tana aikin wucin gadi a wata ma'aikata, har ranar da ta ga sunanta liƙe a bango cikin waɗanda aka sallama. Ba ta koma ƙauye ba. Ta sayi kwamfuta ta hannu, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur da allo a sama, ta kama wannan shago tana buga wa mutane takardu. Mijinta direban babbar mota ne, a wata sai a gan shi sau biyu. Hausarta kuwa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, ni kaina sau da yawa "Mama ya zo" nake.

Aibinta guda ne: ba ta iya mayar da hannun kyauta baya. Ko guba ka miƙa mata da hannu biyu, za ta durƙusa ta karɓa ta ce Allah ya saka.

A bara aka ba wani kamfani filin da matan ƙauyensu ke haƙar yumɓu tun kaka da kakanni. Da aka yi ta kai ruwa rana, aka kafa kwamiti, kwamiti ya ce za a bar wa mata gefe guda na ramin, amma sai wadda sunanta ya shiga takarda. A kawo sunaye bugaggu, kowace da unguwarta da hotonta, kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Wadda ba ta ciki, ita da yumɓu sai kallo. Mata ɗari da saba'in. Wa za a ba aikin in ba 'yarsu ta birni ba?

Kwana huɗu tana bugawa. Unguwarsu ta bari a ƙarshe, mata talatin da tara, har da uwar da ta haife ta, wai kada a ce ta fara da nata. Na ce mata kara a wurin aiki wauta ce, ta yi dariya.

Ranar Alhamis da hantsi, wajen ƙarfe goma, na ji shagon ya yi tsit. Mai buga takarda ba ya shiru sai da dalili. Na ɗaga labule.

"Mama, ya tsaya," in ji ta.

"Wa ya tsaya?"

"Kwamfuta. Ya daskare."

Tana jan maus a kan tebur, 'yar kibiyar nan ta allo ko gezau. Ta jira. Ta danne maɓallai uku a tare kamar mai riƙe kaza za a yanka, ba abin da ya motsa. Ta danne na kashewa har abin ya mutu, ta sake tayar da shi. Sai da na juya tanda uku kafin ya gama farkawa. Tana buɗe takardar sunayen, ya sake sandarewa, fuskar wata tsohuwa rabi ta fito rabi ba ta fito ba.

Na ce ko zafi ne, na kawo maficina na yi ta yi wa akwatin fifita. Ba na jin kunyar faɗa. Abin da na sani ke nan.

Ta kira Michael, mai gyara a kasuwar Gudu, wani dattijo mai tumbi da ba ya sauri ko gobara ake. Cunkoso ya riƙe shi, sai sha biyu ya iso. Ya kwance akwatin, ya leƙa, ya sa yatsa kusa da 'yar fankar ciki.

"Hajiya, ajiye maficinki. Ƙarfen lafiyarsa lau. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake."

Ya tayar da kwamfutar wani irin tashi, wai wanda ba ta ɗauko kowa sai abin da ya zama dole. A haka kibiya ta yi ta yawo kamar ba ita ba. Ya buɗe wani jeri, ya bi shi da ido, ya juyo ya dubi Rosemary.

"Madam, ba tun da damina na ce a cire waɗannan ba?"

Ta sunkuyar da kai.

Ashe riga-kafi uku ne a ciki, abin nan da suke kira antibairos, mai gadin kwamfuta daga cuta. Ɗaya da shi ta saye ta. Ɗaya ƙanin mijinta ya sa mata da Kirsimeti. Na ukun kyautar Oga Tawfiq ce, wani babban ma'aikacin gwamnati da ke kawo mata bugun littafin digirinsa. Michael ya ce takardar sunayen ta yi nauyi da hotuna, da an buɗe ta sai ukun su yi kanta a lokaci guda, kowa ya riƙe ya ce sai ya bincika, kowa kuma yana ɗaukar ɗan'uwansa ɓarawo. Suna wannan kokawa, ba wanda ya rage ya yi aiki.

Na ce, "To ai kanwa da tsamiya ke nan a ƙwarya ɗaya. Kowanne magani ne, in ka haɗa sai kumfa."

"Hajiya, zo ki karɓi shagona," in ji Michael. "Madam, biyu za su fita. Na Oga ma wa'adinsa ya ƙare tuntuni, ba abin da yake yi sai cizo."

Rosemary ta ce, "Na ƙanin maigida ka cire. Na Oga kam sai na tambaye shi."

"Tambayar me?"

"Da hannunsa ya sa mini. In ta zo ta ga babu, me zan ce?"

Ya cire ɗaya, ya sake tayarwa, abin ya ɗan ja jiki, ya sake tsayawa cak. Ta buga wa Oga waya, ba a ɗauka ba. Ta tura saƙo, amsa ta zo wai yana mitin. Ta zauna da waya a cinya tana kallonta. Michael ya ci masa shida. Aka kira sallar azahar, na je na dawo, tana nan yadda na bar ta, gumi ya jiƙa mata wuyan riga, tana addu'a da yarensu.

Ƙarfe biyu na yi, na cire mayafina na ɗaure ƙugu.

"Ke 'yar nan, Oga ne ya haife ki?"

"Mama, ba daɗi."

"Da yumɓun wa aka biya miki makaranta, na Oga? Uwarki na can ta tsugunna bakin rami tana jiran ki, ke kina nan kina gadin kunyar wanda ko sunan ƙauyenku bai sani ba. Michael, cire. In Oga ya zo, ni ce. Ya zo ya kama ni da tandata."

Ba ta ce a cire ba, ba ta ce a bari ba. Kuka kawai ta sa. Michael ya cire.

Shi ma abin bai fita da arziki ba, sai da aka kashe aka tayar sau biyu. Uku saura minti goma takarda ta buɗe tas. Ta gangara ƙasa, ta gangara, ta tsaya. Sunayen da ta buga da safe ba su zauna ba, tsayuwar farko ta tafi da su. Ɗari da talatin da ɗaya ne a ciki. Unguwarsu babu ko mutum ɗaya.

Lokacin sake bugawa ya wuce. Firinta ta yi ta amayo shafuka har uku da kwata. Na bar tanda a wuta, na bi ta cikin tasi. Ni ina miƙa mata hotuna da gam, ita tana rubuta sunaye da biro a kan gwiwa, mota na tsalle, direba na zagin kowa a titin filin jirgi. Huɗu saura minti takwas muka shiga ofishin kwamitin.

Akawun wani siririn mutum ne mai gilashi. Ya juya shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya kai kan na biro, ya zare su gefe.

"Bugagge aka ce."

Ta durƙusa masa har ƙasa. Ni ma, da tsufana, na durƙusa. Na kira shi ɗana, na kira shi ranka ya daɗe. Ya ce ba shi ya kafa doka ba, in ya karɓa a bakin aikinsa. Ya buga hatimi a kan ɗari da talatin da ɗaya, ya miƙo mata sauran.

Muna kan hanyar dawowa Oga Tawfiq ya kira. Ta ba shi haƙurin cire masa antibairos. Ina jin sa ta wayar yana tambaya, wane antibairos?

Yanzu an kewaye ramin da waya, an sa ƙofa, an sa mai gadi da takarda a hannu. Uwar Rosemary roƙon yumɓu take a wurin matan wasu unguwanni, wata ta ba ta dunƙule, wata ta ce yau bai isa ba. Matan unguwarsu sun ce 'yarsu ta sayar da su, ta buga na bare ta bar na gida. Tun ranar Rosemary ba ta taka ƙauyen ba.

Duk Litinin sai ta buga wa kwamiti sabuwar wasiƙa da sunayen talatin da taran, bugaggu, da hotuna. An ce mata shugaban ya yi tafiya, an ce a dawo, an ce fayil yana sama. Yau da sassafe ta fita da ta goma sha biyu, ta bar mini makullin shago, ta ce in wani ya zo in ce ya jira.