Ranar Da Inna Ta Cire 'Yan Kunnenta

Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo ku yafe ni, ciwon ido ne ya zaunar da ni.

Ina kan keken ɗinki a shagona na Takur abin ya fara. Wasu baƙaƙen ɗigo suka riƙa yawo a idona na hagu kamar ƙudaje. Kafin sati ya zagayo, hazo-hazo nake gani.

A asibiti aka ɗiga min magani, aka haska cikin idon, aka ɗebi jini. Likitar ta tambaye ni ko muna da mage. Na ce har uku. Ta ce cutar toksoplasmosis ce, ana ɗaukar ƙwayarta daga kashin mage, ko naman da bai dahu ba, ko ganyen da ba a wanke ba.

"In ta ci tsakiyar ido, ganin ba ya dawowa. Taki a gefe take, mu yi sauri."

Wallahi na tsorata. Tela ba ido, me ya rage mata?

Inna, mahaifiyata, ta baro Miga ta tare a wurina. Ranar da Yaya Sabo ya zo dubiya, shi malamin kimiyya ne, sai yake ba ni labari wai masu bincike suna gwada garin zinare, mai laushin da ido ba ya gani, ko zai kashe wannan ƙwayar.

Inna ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, na zinare, na aurenta, ta miƙa masa.

"Ungo, a niƙa a ba ta."

"Inna, ai har yanzu gwaji ake, ba a fara ba wa mutane ba."

"To ka riƙe. In sun fara, mu ne a gaba."

Yaya yana dariya, ni ina kuka.

Ƙwayoyi na sha, sati shida, ga tashin zuciya, ga gwajin jini duk sati. Inna ba ta karanta agogo, amma ko sau ɗaya ba ta bari lokacin magani ya wuce ba.

Alhamdulillah, ganina ya dawo. Ɗan tabo ya rage a gefe, kuma zan riƙa komawa ana dubawa.

Don Allah ku dafa nama ya dahu, ku wanke ganye da hannuwanku. Mai ciki kada ta kwashe kashin mage. In ido ya canza, ku je asibiti a ranar.

Na gode da addu'o'inku. Anjima zan karanta wa Inna wannan. Na san abin da za ta ce: "Ke dai kin cika surutu, kin ci abinci?"