Makon Majigin Malam Ilu

Duk wanda ya san taubashina Malam Ilu ya san ba a taɓa masa injin majiginsa. Ka taɓa hularsa ya yafe, ka sa hannu a tuwonsa ya yafe, amma ka kai yatsa kan injin nan, to ka shirya gaba ta shekara uku. Bargonsa guda ɗaya tak, kuma injin yake lulluɓa wa. Shi kuwa ya kwana yana kakkarwa kamar ɗan tsakon da ya faɗa randa.

Da can leburan motar majigi ne, mai zagaya ƙauyuka. Bayan samun 'yancin kai aka yi gwanjon tsofaffin kaya, ya sayar da akuyoyinsa ya ɗauko injin da janaretansa da finafinai uku: na noman gyaɗa, na yaƙi da sauro, sai na bikin wasu Turawa wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Da aka gama yankan shinkafa ya kafa farin ƙyallen alawayyo a wani fili a nan Haɗeja, ya sa aka yi shela wai za a yi mako guda cur ana kallo.

Na ce, "Ilu, kwana bakwai da fim uku? Ko lissafi ma ya gudu ya bar ka?"

Ya ce, "Kai dai kawo tabarmarka, sarkin surutu."

Ashe kashe muryar injin zai yi, ya riƙa ba da labarin da bakinsa, kullum sabo. Manomin gyaɗar nan ran Asabar mutumin Guri ne mai neman aure, ran Lahadi ya koma ɗan Auyo mai tsoron surukarsa. Wani Ba'auyo ya miƙe a fusace ya ce, "Malam Ilu, ai jiya ka ce ɗan Guri ne!"

Ya ce, "Ya yi ƙaura. Zauna, kana tare wa mutane."

Shi ke nan fa, abu ya zama na shekara-shekara. Mutanen Kafin Hausa su zo a kan jakuna, masu tsire da masu soyayyen kifi su kewaye fili, sauro kuma ya zo da danginsa kaf ya kalli fim ɗin da aka yi a kansa.

Wata shekara mutanen Guri suka roƙa a kai musu nasu kason, ga shi ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Mai fito ya dubi kayan, ya dubi Ilu, ya ce, "Malam, jirgin nan ba zai ɗauke ku duka ba. Ko kai ko kayanka." Ilu ya tuɓe riga, ya jera kayan a jirgi, ya faɗa ruwa ya riƙe gefensa. Wallahi da muka fita, matsattsakun da ke jikinsa sun isa a buɗe musu kasuwa!

Na ce, "Yanzu da ka nutse fa?"

Ya ce, "Ni idan na jiƙe, shanya ni za a yi."

Sai zamanin man fetur ya zo, aka buɗe gidan silima ana nuna finafinan Indiya masu launi. Samari suka watse. Muka yi ta lallashinsa ya yi hayar sabon fim ko guda, ya ce gyaɗarsa ba ta tsufa. Ranar buɗe makon shekarar nan mu tara ne a fili, har da akuya. Ana cikin farawa sai ƙwan injin ya ce fat, ya mutu, kuma babu irinsa sai Kano. Na dubi Ilu, na ga yana ta lalube a jikin injin kamar wanda bai san shi ba. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na ce a raina, yau makon majigi ya zo ƙarshe.

Sai ya yi gyaran murya, ya haska alawayyon da fitilar hannu, ya ce, "Ga shi nan ya fito da garmarsa, kun gan shi?"

Muka ce mun gan shi. To me za mu ce?

Ya yi ta zuba labari a kan farin ƙyalle babu ko ƙuda. Dariyarmu ta jawo masu wucewa, kafin a tashi fili ya cika. Wata tsohuwa, Iya Ladi, wadda idonta ya daɗe da yin hazo, ta dafa sandarta ta ce, "Ilu, Allah ya yi maka albarka. Hoton bana ya fi na kowace shekara fitowa."

Da kaka ta zagayo, samarin da kansu suka yo hayar finafinan Indiya daga Kano, suka sayo sabon ƙwan inji, bisa sharaɗin a kashe murya shi ya fassara. Har ya rasu bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da kuskure.

Bana da babu Ilu mun kafa ƙyallen, an kunna muryar fim, ta yi mana yawa kuma ta yi mana kaɗan. Allah ya jiƙan Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa ƙaryar da ya yi mana don mu yi dariya. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan. Amin.