Zoɓon Inna a Kwalbar Madara

Har yau idan na tsaya gaban firijin madara a babban kanti sai raina ya ɓaci. Mutane na ɗauka suna wucewa, ni kuwa ina tsaye ina harara kamar jarkokin ne suka yi mini laifi. A kan madara na rasa zaman mahaifiyata a ƙasar nan, kuma ban huce ba.

Bayan rasuwar Baba ne na ɗauko Inna daga Katsina na kawo ta gidanmu a garin Laurel, nan ƙasar Turawa. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai dai “ke 'yar nan”. Burina ta zauna tare da mu, in riƙa ganinta kullum, in san ta sha maganinta. Ita kuwa tun makon farko ta fara zancen komawa. Ni ina asibiti wurin aikin jinya, maigida yana nasa aikin, yara suna makaranta, in sun dawo ta yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ta ce mini, “Ke 'yar nan, wannan wane irin gari ne? Tun da na zo ko akuya ba ta yi mini sallama ba.”

Sai kuma rigimar madara. Ta zuba ta kanti a kwano ta rufe, tana jiran ta kwana ta yi tsami, madara ta ƙi. Ta ɗanɗana ta yatsina fuska, ta ce abin da ya daɗe haka bai canza ba, ba daga jikin saniya ya fito ba. Ta daina shan fura, matar da fura ce abincinta na rana tun ina goye. Ta fara ramewa ina gani.

Wata abokiyar aikina ta gaya mini akwai wata gona da ke kawo madara har ƙofar gida, a kwalaben gilashi. Suna ba ka akwati ka ajiye a bakin ƙofa. Duk Talata da sassafe direba ya zuba cikakku, ya kwashe waɗanda aka shanye. Na yi rajista. Madarar ta zo da maiƙonta a sama, Inna ta dafa ta, ta sa ɗan tsohon nono, washegari kindirmo ya kama har ludayi na tsayawa. Ranar ta sha fura har ta yi gyatsa ta gode Allah.

Amma wani abu ya tsaya mata a rai. Wa ya kawo? Ta ce ba za ta ci gaba da shan abin mutumin da ba ta gaisa da shi ba. A gida, Bafillatanar da ke kawo mana nono takan sauke ƙwarya a tsakar gida, ta sha ruwa, a tambayi ruga da shanu kafin a yi maganar ciniki. Saboda haka Talatar da ta biyo, tana idar da sallar asuba ta ɗauki kujerarta ta zauna bakin ƙofa da carbi, ta lulluɓa da bargo.

Direban wani dattijon Bature ne mai furfura, yana ɗan ɗingishi. Ya firgita da ya gan ta, sannan ya cire hula. Ta ce, “Sannu da zuwa. Yaya hanya? Yaya shanu?” Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya tsaya. Da na fito na fassara masa, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa tatsar saniya ba, ya ciro waya ya nuna mata hoton shanun gonar. Ta duba da kyau ta ce suna samun kulawa. Ba a jima ba ya iya cewa “lafiya lau”, yana kiranta Mama, mu kuma muna tsokanarta da Bafillatanin Inna. Tun daren Litinin take fitar da mayafin da za ta yafa. Zancen komawa gida ya mutu.

Inna ba ta mayar da kwanon mutum babu komai a ciki, haka aka tarbiyyantar da ita, haka ta tarbiyyantar da mu. Na yi mata bayani cewa waɗannan kwalabe wankewa kawai ake a mayar. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, “Yaba kyauta tukwici. Mutum ya baro barcinsa ya kawo miki abinci, ki miƙa masa kwalba tana ƙara?” Na ce ai biya muke. Ta ce ita ma Bafillatanar biyanta ake, kuma ba ta taɓa fita daga gidanmu babu ƙullin gero ko goro ba. Daga nan duk Talata kwalba ɗaya takan koma cike da zoɓo mai citta da kanumfari. Dattijon yakan karɓa da hannu biyu, ya ce a hanya yake shanyewa.

Ana nan cikin zafin bazara ya manta da wata kwalbar a bayan mota. Zoɓo ya yi tsami, ya tunkuɗe murfi, ya ɓata akwatunan mutane. Shi ke nan fa abin da ya faru. Ba wanda ya yi ciwo, ba wanda ya mutu, ruwa da sabulu sun isa. Amma sai ga waya daga ofishinsu, wata yarinya mai zaƙin murya tana gaya mini cewa dokar kamfani ta hana direba karɓar abin ci ko sha. Ta ƙara da cewa na'urar motar ta nuna yana daɗewa a ƙofarmu fiye da ƙa'ida, don haka an sauya masa hanya.

Na ce mata gaisuwa ce yake tsayawa yi da tsohuwa. Ta ce ta fahimta ƙwarai. Na ce a ba ni lambarsa mu ba shi haƙuri, ta ce ba a bayarwa. Na ce to a isar masa da saƙo, ta ce za ta rubuta. Duk abin da na faɗa sai ta ce ta fahimta, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Mutanen da suka zana saniya tana murmushi a jikin motarsu, suna talla cewa su na gargajiya ne, masu sanin abokin cinikinsu, su ne suka auna gaisuwa da agogo suka ga ta yi tsawo.

Talatar da ta zo Inna ta zauna a wurinta. Wani sabon direba ya sauko da abin jin kiɗa a kunne, ya zuba kwalabe, ya ɗauki hoton akwatin da waya, ya juya. Ta ce, “Sannu da zuwa,” bayansa kawai ta gani. Ta shigo da kujerarta. Da na gaya mata dalili, ba kamfanin ta zarga ba. Ta ce, “Ashe ni na jawo wa bawan Allah.” Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai.

Maigida kuwa ko a jikinsa. Wai ai madara madara ce, ga kanti nan kusa, mutum ya ɗauka ya biya a na'ura ba ruwansa da kowa, ya ma fi araha. Na ce masa, “Baban yara, ba ruwansa da kowan nan shi ne ciwon.” Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan wayarsa. Na yini ban yi masa magana ba.

Madarar ba ta canza ba, kindirmo na kamawa kamar da, amma Inna ta daina fita. Mayafin ya koma akwati. Kafin sanyi ya shigo ta ce in nema mata tikiti, kuma wannan karon ba roƙo take ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na sa yara suka roƙe ta da guntuwar Hausarsu. Ta ce a Katsina ko ba ta da lafiya wani zai leƙo ya ce yaya jiki.

Ranar da za mu kai ta filin jirgi ta dafa zoɓo, ta cika kwalba ɗaya ta bar wuri a wuya don kada ta fashe, ta sa a wurin ƙanƙara na firiji. Ta ce, “Ke 'yar nan, in Allah ya dawo da shi ki ba shi. Ki ce masa ban samu na yi masa bankwana ba, ya yafe mini.”

Na soke rajistar bayan tafiyarta, yanzu jarkar kanti muke sha kamar kowa. Kwalbar tana nan bayan kaji da alayyafo. Kwanan baya maigida ya ciro ta ya ce tana cin wuri, na ce ya mayar da ita inda ya gan ta. Duk Talata Inna takan kira ni da safe, kuma kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, “Ya dawo?”