Gajeren Lens a Ɗakin Mai Jego

Akwai wata Asabar da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina shekara ta biyu a shagon hoto na Malam Sabo a Gyadi-Gyadi, ni kaɗai ce mace cikin ma'aikata. Don haka a biki ko suna, maza su tsaya a ƙofar gida, ni in shiga ciki wurin mata.

Bari in yi bayani ga wanda bai san sana'ar ba. Gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara shi muke kira lens. Akwai dogo, wanda kana tsaye za ka murza ya jawo maka mutum daga ƙarshen fili. Akwai gajere, wanda ba ya jawo komai, sai dai ka taka da ƙafarka, amma yana gani ko da haske kaɗan ne. Ni dogon nake ƙauna, domin ina da kunya, na fi son in laɓe a gefe in ɗauki mutane ba su sani ba.

A farkon satin Malam Sabo ya miƙo mini gajeren ya ce, "Binta, riƙe wannan, na gwaji aka ba ni. Ran Litinin ki faɗa mini ko yana da amfani tare da dogon, ko in mayar wa mai shi." Na jefa shi a jaka ina cewa a raina, wannan ɗan guntun me zai tsinana? Kwana biyar ban taɓa shi ba.

Ranar Asabar aka tura ni suna a Darmanawa. Bayan la'asar ina tsakar gida ina ɗaukar masu shigowa, sai Anti Larai, yayar uban jaririyar, ta jawo ni gefe tana haki.

"Ke, zo maza! Hajiya ta yarda."

Hajiya ita ce mahaifiyarsu, kuma sunanta aka sa wa jaririyar. Tsohuwa ce da ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, in ban da hoton fasfo na zuwa Makka. Anti Larai ta ce sau ɗaya tak ta yarda a ɗauke ta, kuma ba a kunna filasha, don kada a haska idon jaririya.

Na shiga ɗakin mai jego. Ɗaki ne ƙarami, gado da sif sun cinye rabinsa, labule a sake, ga shi an ɗauke wuta. Hajiya na bakin gado da takwararta a cinya. Na ɗaga dogon lens, ban ga komai ba sai kunnen Hajiya. Na ja baya har na bugi bango, na tura ƙafa cikin kwandon kayan barka. Kyamara tana ta ƙugi tana neman fuska, ta kasa kamawa. Na danna sau biyu, duhu kawai.

"An gama?" in ji Hajiya, tana neman miƙa jaririyar.

"Saura kaɗan, Hajiya, don Allah."

"Ni ƙafata ta sage."

Wallahi na ji kamar in fashe da kuka. Anti Larai ta zuba mini ido, na san in wannan dama ta wuce ba za ta dawo ba. Da sauri na kwance dogon, murfin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, na lalubo gajeren na ɗaura. Nan take ɗakin ya yi haske a cikin kyamara. Amma yanzu sai na matsa, kuma ba yadda za a yi in tsaya a kan tsohuwa ƙerere. Na durƙusa a gabanta, gwiwata na taɓa tabarmar da ƙafarta take kai. Tunda na durƙusa, bakina da kansa ya ce, "Hajiya, ina wuni? Barka da arziki. Allah ya raya takwara."

Ita da ke ta kawar da kai, sai ta juyo ta dube ni. "Amin, 'yar nan. Ashe kin iya gaisuwa." Ta yi murmushi, na danna.

Na juya mata bayan kyamara ta gani. Ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta shafa hoton.

"Larai," ta ce a hankali, "zo ki ga Innata."

Ba ta san ta koma kamannin mahaifiyarta ba sai ranar. Anti Larai ta rufe fuska da mayafi.

Ran Litinin na ce wa Malam Sabo a bar gajeren, dogon na fili ne, wannan na ɗaki. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙa ɗaukar duka biyun. Ku kuma sani akwai mutanen da ba za su ba ku fuskarsu daga nesa ba, sai kun matso kun durƙusa kun gaishe su.