Ƙullin Dala Hamsin

Kwanon baikonmu farin kwano ne mai shuɗin baki, irin wanda ake zuba wa baƙo tuwo, ya ɓantale a wuri biyu. Wata tsohuwa ce ta ba da aronsa ranar da aka gama yaɓen ɗakin sujada, ta rasu ba ta karɓi abinta ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya rufa wa kowa asiri. In ka jefa dala guda sai ya ce ƙwal, a taƙaice, kamar an yar da tsakuwa. In dala ashirin ce, ƙarar takan yi nauyi ta ɗan daɗe. Mu mata muna zaune a baya bisa tabarmi, kai a sunkuye, baki na waƙa, amma kunnuwanmu duk suna wajen kwano. Kafin a yi addu'ar rufewa kowa ya san abin da kowa ya sa.

Ni kam ba zan ɓoye ba, ina son ƙarar nan. A shekarun da gyaɗa ke yi, ina tuyar ƙuli-ƙuli ina sayar da mai, nakan ɗan ɗaga hannu kafin in saki kuɗin, don a ji da kyau. Mu Kirista gida goma sha wani abu ne a ƙauyenmu, arewa da Gazawa. Abin da ya faɗa cikin kwanon nan shi Malam mai bishara ke ci da iyalinsa, sai dami ɗaya cikin goma da ake kai masa da kaka. Baƙo ne shi, daga wajen Cadakori aka turo mana shi, ba shi da gonar gado a garin.

Sai babban farin nan ya zo, wanda ya kwashe mazan ƙasarmu ya yi kudu da su. Hatsi ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallonmu har ya bushe. Gandunmu da ke ba da dami sittin, huɗu muka kwaso, su ma rabi ƙaiƙayi ne. Da kakar nan ba wanda ya ta da zancen ɗaya cikin goma. Maigidana ya tsallaka iyaka neman aikin ƙarfi, ya bar ni da yara uku da uwarsa, ya ce zai aiko. Wata huɗu shiru.

Abin da ya rage mini jar akuya ce guda, ita ma ta fara cin dangar gida. Na ja ta zuwa kasuwar Gazawa. Kasuwa cike da dabbobi, kowa na sayarwa, masu saye suna ta yanga. Dillali ya shafa ƙashin bayanta, ya yi dariya, ya ce shi fata zai saya. Na zage shi a zuci, na karɓi jika biyu da rabi, wato dala ɗari biyar. A farashin ranar, hatsi tiya biyar ke nan. In an lallaɓa da kunu mai ruwa-ruwa da ganyen tafasa, abincin kwana goma ne.

Ina tsugune gaban mai awo, ya cika tiya ta huɗu, sai abin ya faɗo mini a rai: zakkar kuɗin nan fa? Ɗaya cikin goma na jika biyu da rabi, dala hamsin ke nan. Dala hamsin rabin tiya ce. Rabin tiya kuwa yini guda ne cur na yarana. Mai awo yana riƙe da bakin buhu yana jirana, na baya suna turo ni. Na ce ya tsaya a huɗu da rabi. Ya dube ni kamar wadda ta zare, ya miƙo mini canji: dala ashirin guda biyu da dala goma guda ɗaya. Na ƙulle su a bakin zane.

Tun daga Gazawa har gida ina shari'a da kaina. Wannan ba riba ba ce, asara ce, akuyar jika takwas na bayar a jika biyu da rabi, ina zakka a kan asara? To, amma kuɗi sun shigo hannu ko ba su shigo ba? In raba biyu, in ba da dala ashirin da biyar? Rabin zakka kuma wa ya taɓa jin sa, ko dai an bayar ko ba a bayar ba. Ga ƙullin yana bugun cinyata duk takun da na yi.

Na faɗa wa surukata, ina fatan ta ce in saya wa jikokinta abinci. Ba ta ko ɗago kai daga tsinkar tafasa ba.

"Na Allah na Allah na," in ji ta. "Ke ɗiyar ga, mi kike son in ce miki?"

"Inna, yini guda ne fa na yara."

"Na ji. Ni dai ban taɓa cin nashi ba."

Sauƙin faɗa gare ta, ita da ba ita ke duba ƙasan tukunya ba. Raina ya ɓaci, na tafi rijiya. Can na tarar da ƙawata, Musulma ce, gidansu na jikin namu, tun muna amare muke ɗauke wa juna tulu. Da ta ji, dariya ta yi har ta saki guga.

"Ke dai kin iya ɗora ma kanki wahala. Mu malamin masallaci ya ce wanda abin hannunshi bai kai ba, ba a amsa mishi komi. Shi za a ba ma. Ku naku bai ga hwari ba?"

Na ce zan tambaye shi, kuma na tambaya. Na same shi gindin itacen bedi yana ɗinke takalminsa da zare. Dogon mutum ne, rigarsa ta fara yi masa yawa. Na gaishe shi, na zayyana masa komai, na ce ya faɗa mini nawa. Idonsa na kan takalmin ya ce, "Abin da zuciyarki ta ba ki, shi za ki sa. Allah ba ya amsar abu da ƙarfi." Na yi godiya na taso, amma a hanya ƙuna nake yi. Adadi na je nema ya ba ni, shi kuma ya maido mini da kayana. Ban tsaya na yi tunanin cewa na tambayi mutum ne nawa zan ba shi ya ci ba.

Ran Lahadi na yi ƙulli biyu. Dala hamsin a bakin zane na dama, dala guda ta kuɗin itace a na hagu. Na ce in na zauna zuciyar da Malam ya ambata za ta zaɓa. Gaskiyar magana, abin da ya fi damuna shi ne ƙwal ɗin nan. Kowa ya ga na wuce da akuya na dawo ba ita. In kwano ya ce ƙwal a hannuna, matan nan za su ji, ni da nake ɗaga hannu.

Aka ɗauki waƙa, dattijon da ke zagayawa da kwano ya fara daga layin maza. Na kasa kunne, ban ji komai ba. Ya gama da maza, shiru. Na ce yau kuma duk gari ba mai ko dala? Da ya iso gabana sai na gani: an ninka tsumma, ragowar wani tsohon zane mai ruwan ƙasa, an shimfiɗa a gindin kwano. Duk abin da ka sa, kwanciya yake yi ba motsi.

Hannuna bai yi shawara da ni ba, hagu ya tafi. Na sa dala guda, kwano ya wuce, ba wanda ya ji. Wani sanyi ya ratsa ni, na ɗaga murya na ƙarasa waƙa.

Sanyin bai kai ni gida ba. Tunda ban bayar ba, ai sai in sayi rabin tiyar ko? Na kasa. Ranar kasuwa ta zagayo, na je na tsaya kusa da mai awo, na kama ƙullin, na ji kamar kayan wani zan kwance. Na juyo hannu wofi. Lahadi ta biyu na sake zuwa da ƙulli biyu, na sake kwance na hagu. Hatsin kwana tara na ja shi har kwana goma sha uku, ina ƙara ruwa, ina ƙara ganye. Ranar da ya ƙare, tafasa zalla yarana suka ci da ɗan gishiri, ƙaramar tana kuka tana jan zanena, daidai wurin ƙullin. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba. Kuɗi a jikina, Allah bai samu ba, yara ba su ci ba. Na yi ta faɗa da kowa a gidan, har da kaza guda da ta rage wa surukata.

Washegari na je gidan Malam aron rariya, tawa ta yage, ina son in tankaɗe dusar da ƙawata ta ba ni. Na yi sallama na shiga. Matar Malam tana durƙushe tana tsiyaye ruwa daga wata tukunya, warin ya gaya mini ko mene ne tun kafin in leƙa. 'Ya'yan anza ne, abin da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinsa ya bari a haɗiye. A tsakar gida kuma ga tabarmi a naɗe, ga tukwane an ɗaure cikin zane. Zanen jikinta na duba, sai na ga gefensa a yage, ruwan ƙasa.

"Yaya, ke kika sa tsumman nan a kwano?"

"Ni ce."

"Don mi?"

"Ba ki lura ba mata huɗu sun bar zuwa? Kunya suke ji kwano ya wuce su ba ƙara. Na ce gara su zo."

"To ku fa? Mi kuke samu ciki?"

Ta yi murmushi ta ci gaba da tsiyayar ruwanta. Sai da na matsa ta ce Lahadin da ta wuce dala goma sha ɗaya aka samu. Ɗaki cike da mutane, dala goma sha ɗaya. Ta ce gobe da safe mai amalanke zai fitar da su bakin titi, za su Maraɗi, Malam zai nemi dako a tasha, in ruwa ya sauka wataƙila su dawo.

Na kama bakin zane na dama. Ƙullin ya ƙi kwancewa, gumi da daɗewa sun ɗaure shi tam, sai da na sa haƙori. Na miƙa mata kuɗin. Ta goge hannu, ta naɗe mini yatsuna a kansu.

"Ba nawa ba ne da zan amsa a hannu. In na yaranki ne, ki saya musu hatsi. In na kwano ne, ki sa a kwano."

Ita ma ta maido mini da kayana. Na fito da rariya a hannu ina hawaye, ina jin haushinta, ina jin kunyarta. Da safe na tsaya bakin danga na ga amalanken ya wuce, yaransu biyu a kan kaya, Malam na biye a ƙasa da takalmin da ya ɗinke. Ranar na kwashe tasoshin aurena daga jere na ba ƙawata ta sayar mini, da su muka kai har saƙon maigidana ya iso. Yarana duka uku sun rayu. Malam bai dawo ba, wani aka turo mana bayan shekara biyu.

Na sha gaya wa kaina cewa dala hamsin ba ta riƙe gidan mutum huɗu irin na Malam. Rabin tiya ce, na sani, ni na auna ta.

Lahadin da ta biyo bayan tafiyarsu mun taru duk da haka. Dattijon nan ya yi karatu da ƙyar yana bin layi da yatsa, sannan ya ɗauki kwano, tsumman na nan ciki ba wanda ya cire. A layin maza shiru. Da ya shigo cikin mata sai na ga ta gabana ta sunkuya ta sa haƙori a bakin zanenta. Ta kusa da ita ma haka. Na waiga, na ga wata ta baya tana fama da nata ƙullin, ya yi baƙi don daɗewa kamar nawa. Ba mu dubi idon juna ba.

Da kwano ya iso gabana ban ga tsumma ba, kuɗi sun rufe shi. Na kai hannu ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji ba, na saki dala hamsin ɗina a hankali. Suka faɗa kan na sauran mata, suka yi ƙara, duk ɗakin ya ji.