Hutun da ba a kiran mutum

A shekarun da man fetur ya yi tsada, kuɗi suka yi yawa a ƙasa, bankuna suka shiga rige-rigen buɗe reshe a duk garin da kwalta ta ratsa. Haka aka turo ni Wudil, ni kaɗai ne ɗan kwamfuta a reshen. Sauran 'yan sashenmu suna warwatse a wasu garuruwa, ogammu kuma yana Kano. Shi ya koya mini aiki, tun daga haɗa wayoyi har yadda ake lallashin manaja idan netwok ya ɗauke ranar Juma'a, fataken shanu sun cika banki suna huci.

Shi ne kuma ya koya mini dokokin da ba a rubuta ba. Kada ka haɗa kwano da kashiya. In ka sayi sabon abu, kada ka zo da shi ofis. Babbar cikinsu ita ce ta hutu: idan aka ba ɗayanmu hutun da bai nema ba, to bincikensa ake yi, don haka ba a kiransa, ba a zuwa gidansa, sai ya dawo. Mu ke riƙe da mabuɗin kowace na'ura, abu kaɗan ya karkace mu ake fara kallo, kuma duk wanda ya kira wanda ake bincika, shi ne na gaba.

Nawa hutun ya zo washegarin haihuwar matata. Manaja ya washe baki ya ce, "Angon ƙarni, je ka ka huta." Amma ga wani baƙo daga Kano zaune a kujerata, ya karɓi mabuɗin ɗakin na'urori, ya ce in bar kwamfutata a kan tebur. Wayata, wadda ko a masallaci ba ta barina, ta yi tsit kamar an jefa ta rijiya.

Na san ban yi komai ba, amma hakan bai hana ni ramewa ba. Idan suka laƙa mini wani abu, aikin ya tafi, kuma babu bankin da zai sake kallona. Sai na koma zargin kowa. Na tuna kashiyar da ta taɓa tambayata ko babur ɗina sabo ne. Na tuna mai gadi da yawan gaisuwarsa. Surukina ya zo daga Indabo da wani ƙaton rago na kiwonsa, kyautar jika, kowa yana sam barka, ni kuwa abin da na gani shi ne hujja mai ƙaho. Na ja ragon na ɗaure a bayan gida.

Da safiyar suna aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Surukina ya dubi tabarmi ya ce, "Ina mutanen bankin naku? Ko ba su ji ba?" Ina neman ƙaryar da zan yi, sai ga motar oga ta tsaya daidai ƙofar gida, ko ɓoyewa babu.

Mutumin da ya koya mini dokar da bakinsa, me zai kawo shi in ba aiko shi aka yi ba? Ya zauna, ya ci waina, yana ta kalle-kalle.

"Ma sha Allah, ƙanena, gida ya yi kyau. Yaushe ka yi fenti?"

"Mai gidan ne ya yi, Oga. Haya nake."

Da aka jawo ragon za a yanka, ya yi dariya ya ce, "Kai! Wannan ai sa ne. A ina ka samo shi?"

"Kyauta ce. Ga mai shi nan zaune, a tambaye shi."

Ya dube ni. Ya shafa addu'a ya tashi, na raka shi iyakar bakin zaure. Haushi ya cika ni, har na ce a raina ko ranar sunan ɗana ba za su bar ni ba.

Da hutun ya ƙare aka miƙo mini mabuɗina, ba bayani, ba ban haƙuri. Na buga wa ofishin Kano don in ce na dawo, sai wata murya daban ta ɗauka. "Oga yana hutu," in ji ta. Daga baya wani ɗan sashenmu ya raɗa mini cewa an ga motarsa a ƙofar gidana.

Ranar Asabar na sa matata ta ƙulla mini soyayyen naman suna, na hau babur na haye gada na nufi Kano. Na ajiye babur ɗin a ƙofar gidansa inda kowa zai gani, na yi sallama. Ya daɗe kafin ya fito. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Oga, ya gida? Ya iyali?"

Ya kalli ƙunshin da ke hannuna, ya kalli babur, sannan ya leƙa titi ta bayan kafaɗata. Na san wannan kallon, don ni na fara yi masa shi.

"Su suka turo ka?" ya ce.

Na rantse masa da Allah. Ya gyaɗa kai, ya karɓi naman, ya yi godiya. Bai ce in shigo ba.