Wuƙar da ke Ƙarƙashin Bencin Baba Mai Taya

Zan fara da laifina, domin bai dace in yabi mutumin da na ci namansa ba tare da na faɗi hakan ba.

Ranar Talata, tara ga wannan wata, bayan azahar, 'yarka ta aiko mini cewa Allah Ya karɓi ranka, Baba mai taya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara shida ina kawo maka motar da maigidana ya bari. Duk tsohuwar tayar da ka cire, sai ka zaro wuƙa daga ƙarƙashin benci ka tsaga gefenta kafin ka jefar. A cikin mata na ce kana lalata abin da talaka zai mora, don a sayi sabuwa a hannunka. Maganar ta yi yawo, har wata ta daina zuwa shagonka. Da na gane giba na yi, na yi wa Allah alkawari zan nemi gafararka baki da baki.

Sau uku na je. Zuwan farko, sai na tsinci kaina ina tambayar ma'anar lambobi huɗun nan na jikin taya. Ka nuna mini mako da shekarar da aka ƙera ta, ka ce, "Malama, ko a ajiye take tana tsufa, kamar ni a bencin nan." Na biyu, na tambayi dalilin da kake sa sababbin tayoyi a ƙafafun baya. Har yau ban sani ba, son sani ne ya riƙe harshena ko girman kai.

Na uku, na tambayi dalilin wuƙar. Ka ce akwai masu tsince tayoyin da suka cinye, su zana musu sabbin layuka da ƙarfe mai zafi, su shafa baƙi su sayar. Ka dubi tafinka. "Hannun nan ya yi aikin da ƙuruciya, 'yata. Ban san motocin da aka sa wa tayoyin ba, ban san inda suka ƙare ba."

Ba asiri na tona ba. Duk wanda ya tambaya kana faɗa masa. Kai ka faɗi naka laifin a bakin titi, ni na biya kuɗin iskar taya na tafi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi tubanka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka Inna da 'ya'yanka haƙurin rashinka, su kuma su yafe mini.

Alkawarina kuwa, ban cika shi ba.